Benci Goma Sha Huɗu da Ƙungiyar Gara

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma Lawandi ne ya jawo mini shi.

Lawandi ɗan ƙanwata ne, shi ne sakataren ƙungiyar unguwarmu, Bayan Kududdufi. Ya same ni a shago bayan la'asar ina wasa zarto. Ya ce gwamnati ta fito da tallafi ga unguwannin talakawa da suka haɗa kai don karatun yara, kuma gobe masu dubawa za su zo makarantarmu.

Ya ce, "Kawu, bencinan nan naka za mu kwashe da safe mu ɓoye a bayan shagonka. Su zo su tarar da yara a ƙasa. In suka ga benci za su ce ba mu da bukata."

Benci goma sha huɗu ne. Ni na yi su bara da hannuna, da katakon da na shekara uku ina tarawa. Kowanne na shafe ƙafafunsa da baƙin mai saboda gara. Jikata Ladidi a kan na uku take zama. Na ce wa Lawandi sai na kwana da maganar. Na kuwa kwana da ita.

Na gan ni a wani gari da rana tsaka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa ya tafi sama. Masu hali suna tafiya a kan lema. Marasa hali ruwan na shigar musu ta ƙafar wando ya fita ta wuya. Ban yi mamaki ba. Na naɗe wandona na ci gaba.

Sai ga ni a ofishin tallafi. Wani bunsuru ne a kan kujera, da tabarau da babbar riga. An fesa turare, amma bunsuru bunsuru ne. Na miƙa masa takardar unguwarmu. Ya duba gabanta, ya duba bayanta, ya cinye.

Ya ce, "Mun karɓa, tana ciki. Wace unguwa?"

Na ce, "Bayan Kududdufi."

"Kuna da talauci?"

"Daidai gwargwado."

"Kun zo da shi?"

"Yana gida."

"Ba ma aiki da labari, Baba. Sai an kawo an auna."

Na waiwaya na ga layi har bakin titi. Kowace unguwa ta ɗauro talaucinta a buhu. Wani mai unguwa ya raɓe a bayan ƙofa yana yayyafa wa nasa ruwa don ya ƙara nauyi, yadda marasa tsoron Allah suke yi wa auduga. Wani kuma aro ya yi daga maƙwabta, ana ta gardama a kan yaushe zai mayar.

Sai ga Lawandi da namu a ka, yana gumi. Aka ɗora a sikeli. Bunsuru ya leƙa ta saman tabarau ya girgiza gemu.

"Bai cika ba. Akwai benci goma sha huɗu da suka rage masa nauyi. Wa ya yi su?"

Na ce, "Ni."

"Da izinin wa?"

"Yara na gani a ƙasa."

"To ai yaran da ke ƙasa namu ne. Da su muke aiki. Ka shiga gonar hukuma ka yi girbi."

Lawandi ya durƙusa ya ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Tsoho ne, bai yi boko ba."

Gaskiya ya faɗa. Wata biyu na yi a ajin yaƙi da jahilci na koma shago. Amma ban taɓa durƙusa wa akuya ba.

Bunsuru ya ce za a duba mana, sai dai ba a ba unguwa tallafi ita kaɗai. Dole a haɗa mu da abokin aiki mai rajista. Ya buga ƙararrawa. Bango ya tsage, sarauniyar gara ta fito a bayan mota, da jakar hannu da takardar shaida mai hatimi uku.

Ta ce, "Sannu Malam Cindo. Mu ne Ƙungiyar Gara Masu Kishin Ilimi. Shekara ashirin muna aiki a makarantu. Babu ajin da ba mu shiga ba."

Na ce, "Na sani. Ni nake bin bayanku da guduma."

Ta yi dariya ta ce wa bunsuru, "Ka ji, dama mun daɗe muna aiki tare." Sai ta rage murya. "Abu ɗaya ne, Malam. Baƙin man nan da kake shafa wa katako yana kawo cikas ga haɗin kai. A daina."

Aka rubuta cewa na yarda. Ba a ma tambaye ni ba.

Daga nan sai ga mu a babban otal, wai taron bita na kwana uku a kan yadda ya kamata yaro ya zauna a benci. Kowa yana kan kujera mai laushi. Wata soyayyiyar kaza ce ta hau mumbari ta yi jawabi a kan yunwar ɗalibai. Da ta gama aka tafa mata, aka cinye ta. Aka raba jaka, aka raba hula mai rubutu. Wani tunkiya-tunkiya a gefena ya yi barci tun safe, aka ba shi takardar yabo.

Na tambayi na kusa da ni, "Ina yaran?"

Ya nuna bayan mumbari. Wani ƙaton ƙyalle ne aka rataya, da hoton yara zaune a ƙasa. Na matsa kusa. Yaran cikin hoton suna tari. A layi na biyu na ga Ladidi.

Ta ce, "Tsoho, kai ma cin kaza ka zo?"

Na ce, "Ban ci ba."

"To ka cire mu daga nan. Ƙafata ta yi sanyi."

Na kai hannu, sai wani ɗan akuya mai sanda ya ce ba a taɓa kayan taro, za a yi amfani da su a wani garin.

Sai ga ni a ƙofar makarantarmu. Bencinana suna fitowa ɗaya bayan ɗaya da ƙafafunsu, kamar tumakin da za a kai kasuwa, Lawandi yana kora su da tsumagiya. Na san kowanne. Na bakwai yana ɗan ɗingishi, don katakon ƙafarsa ta baya bai gama bushewa ba lokacin da na kafa. Na uku ya tsaya a gabana ya ƙi tafiya. Lawandi ya zabga masa tsumagiya ya wuce.

Aka zaunar da yara a ƙasa. Ruwan garin kuwa daga ƙasa yake tasowa. Ya jiƙa musu riguna, ya bi ta cikin littattafai, ya kwashe baƙaƙen ya yi sama da su. Ina kallo rubutun wata shida yana tashi kamar shinge, garar nan mai fiffike, bayan ruwan fari. Malamar aji tana tsalle tana kamowa, ta samu biyu ko uku ta zuba a aljihu.

Bunsuru ya kafa abin ɗaukar hoto.

"Ku ƙara sunkuyar da kai. Kai mai takalmi, koma baya. Ke yarinya, kin cika ƙiba, juya gefe."

Ladidi ta dube ni ta ce, "Tsoho, ba kai ka ce na uku nawa ne har in gama aji shida ba?"

 

Aka sake auna talaucinmu. Ya cika har ya yi tozo. Lawandi ya rungume bunsuru. Aka yi guɗa.

Tallafi ya iso da yamma a kan babbar mota. Allon sanarwa ne, ya fi makarantar tsawo da faɗi. Da aka rasa inda za a kafa shi sai aka matsar da aji ɗaya. Sauran tallafin kuwa aka ba abokan aikinmu su yi sababbin benci goma sha huɗu. Ba su ɓata lokaci ba. Kafin a sauke allon sun kawo buhu goma sha huɗu na garin katako sun jera.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Sarauniyar gara ta ce, "Benci ne, Malam. Ai kowane benci nan zai ƙare. Mun rage muku jira."

Bunsuru ya kawo takarda ya ce in dangwala cewa an yi aiki. Babban yatsana ya shige tafin hannu ya ƙi fitowa. Bunsuru ya ce ba komai, in ciro shi in bar musu a ofis, za su riƙa dangwalawa da kansu duk shekara, ba sai na wahala ba. Na laluba ƙuguna in zaro guduma, sai na ji cokali. Lawandi ya kama hannuna yana cewa, "Kawu, daure, kowa haka yake yi." Yana jan yatsan, yatsan yana ƙara ƙiii, ƙiii, ƙiii.

Na buɗe ido. Ƙarar tana nan. Ƙafar amalanke ce da ba ta ga mai ba, ana turo shi a lungunmu. Gari bai gama wayewa ba.

Na yi salla. Na duba yatsana, yana wurinsa. Na ɗauki makullin aji, don a hannuna yake kwana, na sa a aljihu na fita. Ladidi tana tsakar gida tana wanke ƙafa, jakarta a rataye.

Lawandi yana tsaye a ƙofa da amalanken haya. Ya gaishe ni har ƙasa.

Ya ce, "Kawu, mu yi sauri kafin mutane su fito. Awa biyu ne kawai, da sun tafi mu mayar."

Na ce, "Rufin ajin yana yoyo?"

"Yana yi."

"Akwai littafi?"

"Babu."

"Malama nawa ce a kan yara casa'in?"

"Ɗaya."

"To ka nuna musu wannan. In bai ishe su ba su koma."

"Kawu, sauran unguwanni duk sun kwashe nasu. In muka rasa tallafin nan, da kai za a yi kuka." Ya miƙo hannu. "Kawo makullin."

Ladidi ta leƙo ta bayana, tana jira ta ji.

Na ce, "Ba zan bayar ba. Ko ɗaya ba za a ɗaga ba."