Kwanan Suruki a Gidan Niƙa

A yi wa Ɗalhatu adalci, ba maƙaryaci ba ne. Mutum ne dai mai son a gan shi da kyau, irin wanda zai goge riga ya fita da yunwa. Yana aiki a wani ofishin kago, masu aika kaya ƙasashen waje, a unguwar Al Khabaisi ta Dubai, shi da matarsa Asama'u kuma suna zaune a Satwa, a falon wani gida da aka raba da katako aka zuba 'yan haya. Rabonsu ya ɗauki katifa da durowa, sai ɗan wurin da mutum ɗaya zai yi salla. In maƙwabci ya yi atishawa, sai ka ji bakinka yana shirin yi masa addu'a. A Kano kuwa, abin da dangin Asama'u suka sani shi ne 'yarsu tana filat a Dubai. Ɗalhatu bai taɓa cewa filat ɗin nasu ne su kaɗai ba, bai kuma taɓa gyara wa kowa zance ba.

Ana nan sai ga surukinsa, Alhaji Labaran, ya sauka a unguwar Deira sarin yadi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya dubi Ɗalhatu ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu zan zo in ga ɗakin yarinyar nan. Hajiya ta ce kada in kuskura in dawo ban sa ƙafa a ciki na yi addu'a ba. Jibi da yamma jirgina zai tashi."

Ɗalhatu ya ce, "Allah ya kai mu, Baba."

Kafin la'asar ya samo dabara a waya. Can cikin tsaunuka, ta wajen Hatta, akwai wani tsohon gidan niƙa a bakin rafi, wanda a da ruwa ke juya dutsensa. An gyara shi ya zama masaukin baƙi. In ya kai Alhaji can ranar Asabar suka kwana, Lahadi sai dai a wuce otal ɗinsa a ɗauki sauran kayansa, a nufi filin jirgi. Satwa ba za ta samu shiga ba.

Asama'u ta ce, "Baba fa bai zo kallon duwatsu ba. Ni ya zo gani."

"Ai da ke za a je. Wallahi ba zan iya kai dattijon nan bayan katako ba. Khalas, magana ta ƙare, na riga na kama wurin."

Ta dube shi, ta ci gaba da ninke kaya.

Alhaji bai yi gardama ba da aka ce masa za a fara kai shi shan iska. Suka ɗauki motar haya da hantsi, gari ya ƙare, rairayi ya ƙare, duwatsu suka fara. Wurin kuwa, a faɗi gaskiya, ya yi kyau. Bangon dutse ne mai kauri, ga wata ƙatuwar ƙafar katako, zagayayya kamar ta amalanke, a jikin ginin wadda ruwa ke turawa a hankali tana kuka. Tsohon dutsen niƙan an ɗora masa gilashi ya zama teburin cin abinci. A tsakiyar ɗaki ma gilashi aka shimfiɗa, kana tsaye kana ganin rafi yana wucewa ƙarƙashin ƙafarka. Alhaji ya taka shi da bisimilla, ya yi dariya.

Abin da hoto bai nuna wa Ɗalhatu ba, ko kuma ya nuna gaggawa ta hana shi gani, shi ne gidan nan gaba ɗayansa ɗaki ɗaya ne. Gado ɗaya a ƙasa. Ɗayan a kan wani dandali na katako da ake hawa da tsani, babu bango babu ƙofa, yana leƙen na ƙasa. Kwamin wanka a fili kusa da taga, kamar tukunyar biki. Banɗakin ma ƙofar gilashi gare shi, mai nuna inuwar mutum. An gina wurin ne don ango da amarya, shi kuma ya kwaso surukinsa ya kawo.

An gudu ba a tsira ba. Ɗalhatu ya tsaya da jaka a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta, ya rasa inda zai ajiye idonsa. Kunya ta kama shi tun daga tafin ƙafa.

Asama'u ta juye shinkafar da ta dafo a kan teburin dutsen. Tebur ɗaya ne, kuma Ɗalhatu tun da aka haife shi bai taɓa ganin wanda ya buɗe baki ya kai loma a gaban uban matarsa ba. Ya ce ya ƙoshi. Ya fita ya zauna a gindin wata dabino, yana jin ƙarar cokula ta taga, yana haɗiyar yawu. Da za a yi alwala, sai da Alhaji ya ɗauki buta ya zagaya bayan gini, don ba zai shiga banɗakin gilashi 'yarsa tana zaune ba. Dattijo mai ciwon gwiwa, yana bin duwatsu da dogara bango. Ɗalhatu ya gan shi, ya sunkuyar da kai kamar bai gani ba.

Maganar kwana kuwa ba wanda ya iya tayar da ita. Bayan isha Ɗalhatu ya ce zai duba mota, ya tafi bai dawo ba. A kujerar baya ya kwana, sanyin tsauni yana shiga masa ta ko'ina.

Da safe ya karɓo burodi da shayi wajen mai kula da wurin. Yana sa ƙafa a ƙofa, wayar Alhaji ta yi ƙara. Hajiya Turai ce, uwar Asama'u, ta kira ta bidiyo daga Kano. Alhaji bai iya riƙe waya daidai ba, sai ta riƙa yawo a hannunsa, tana nuna azara, tana nuna tsani, tana nuna ruwa a ƙarƙashin gilashi.

"Ikon Allah!" in ji Hajiya. "Har da bene? Ruwa a tsakar ɗaki? Ramlat, zo ki ga ɗakin yayarki! Kira su Inna!" Sai guɗa ta tashi a wayar, fuskoki suna turereniya. Shekara da shekaru matar nan ba ta ganin komai a bayan 'yarta sai farin katako, yau ta ga duniya.

Sannan ta nutsu ta ce, "Alhaji, tsakani da Allah, nan ne ɗakinta?"

Asama'u ta kafa ido a ƙasa. Ɗalhatu yana tsaye da tire. Kalma ɗaya ce ta rage masa ya faɗa, wato a'a, ya san ta, tana bakinsa, amma ga mata cike da waya. Alhaji ya ɗago ya dube shi, ya ba shi lokaci, ya ga dai ba zai yi magana ba.

"Nan ne," in ji Alhaji.

Aka ƙara guɗa, aka sa wa Ɗalhatu albarka, aka ce Allah ya ƙara buɗi, ya riƙe musu 'ya da mutunci. Kowace albarka sai ya ji ta kamar mari.

Da aka kashe waya, babu abin da ake ji sai kukan ƙafar katakon nan a waje. Alhaji ya ajiye wayar a kan dutsen niƙa.

"Ajiye tiren nan, zauna."

Ɗalhatu ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Tun kana goye nake zuwa Dubai. Na san abin da salary ɗin ɗan kago ke iya kamawa, na kwana a fatishan, irin ɗakin katakon nan, wanda ya fi naku ƙunci. Ban zo auna ɗaki ba." Ya ɗan yi tari. "Amma tun da na auri Hajiya ban taɓa duban idonta na faɗa mata abin da ba shi ba ne, sai yau. Na yi ne don kada ka tozarta a gaban mata. Yanzu da bakina zan kira ta in warware."

"Baba, a yi mini aikin gafara. Kunya ce ta..."

"Kunya." Alhaji ya miƙe, yana dafa gwiwa. "Ɗakin da kake jin kunyar in yi minti biyar a ciki, ai a cikinsa 'yata take kwana kullum. Yalla, tashi mu je mota. Satwa za mu."

Asama'u ta riga ta sa mayafi. Ita ta ɗauki jakar ubanta, ta wuce ta gefen mijinta ba ta dube shi ba.