Ranar da Wenzu Ya Kasa Faɗuwa

"To, kawo hannu," in ji Marisa. Ta miƙo nata ta saman teburin shago, tsakanin kofin shayinta da takardar pastizzi, wani cincin na gashi, da mai ya jiƙa.

Wenzu Spiteri bai yi saurin karɓa ba. Ya sayar da tsofaffin motoci a unguwar Sunshine tun kafin a haifi wannan 'yar tasa, ya kuma san in abokin ciniki ya riga ka miƙo hannu, to akwai abin da ya hango wanda kai ba ka hango ba.

"Sake faɗa, in ji da kunnena."

"Yau za ka shiga gasar Asabar da sabon katin nan naka na kada. In ya zo hannunka dole ka ajiye shi, ban da ɓoyewa. In aka fitar da kai, ran Litinin zan aika shi maɗaba'a yadda ka rubuta shi, ko ɗigo ba zan taɓa ba. In kuwa ka ci kofi, sai in cire masa haƙora."

"Ni ne zan ci kofi?"

"Kai fa, Baba."

Wenzu ya yi dariya har ya ƙware. Ya cafe hannun da sauri, don kada ta sake tunani. A duk cinikin da ya taɓa yi a duniya, ba a taɓa neman ya yi abin da ya fi ƙwarewa a kai kamar wannan ba: ya faɗi.

Ga yadda abin yake. Wenzu ne ya ƙirƙiro wasan katin da ake kira Daji, a kan teburin kicin, lokacin da kasuwar motoci ta mutu masa. Kowane kati dabba ce, kowace dabba da abincin da za ka biya kafin ka fito da ita, da kuma ƙarfinta. Ka haɗa naka garken, in haɗa nawa, mu gwabza. Wasan ya karɓu, har ana aika shi Adelaide da Auckland. Amma shi mai wasan, tun ranar da aka fara gasa a bayan shagon, bai taɓa wuce zagayen farko ba. Ya sha kashi a hannun malaman makaranta, ya sha a hannun masu gyaran famfo, ya sha a hannun wata tsohuwa da ta shigo fakewa daga ruwan sama aka koya mata wasan a tsaye. Shi da bakinsa yake cewa Allah ya ba shi basirar gina gida, ya hana shi sanin inda ƙofa take.

Matsalar sana'ar kuwa ɗaya ce, kuma Wenzu ya gane ta da wuri, don irin ta motoci ce. Ba wanda zai sayi na bana in na bara yana yi masa aiki. Saboda haka kowace fitowa sai ya ɗan ƙara wa sababbin dabbobi ƙarfi, kaɗan dai, yadda ba za a yi surutu ba. A bugun farko karen daji ne sarki, kowa na tsoronsa. Da shekaru suka tura, sai ga shi jimina ma tana take shi ta wuce. Ya fito da wani maciji da ya addabi kowa, sai ya fito da shaho don ya ci macijin, shahon ya zo ya fi macijin zama bala'i. Tun da Marisa ta bar aikin banki ta karɓi lissafin katunan, kullum faɗansu ke nan: shi yana turawa, ita tana taka birki.

Yanzu ga Tsohon Kada. Wannan ne katinsa na sallama, don ya ce daga bana ya ajiye aiki. Mai zanen ma ya saka wa kadan gira irin ta Wenzu, mai kauri kamar burushin goge takalmi. Abincinsa kaɗan, amma kowane zagaye sai ya haɗiye dabba ɗaya ta abokin karawa, ƙarfinta ya koma nasa.

"Shi zai yi maganin shahon nan," Wenzu ya faɗa yana jera kujeru.

"Haka mutanen Queensland suka ce ranar da suka kawo kwaɗi don su cinye musu ƙwarin rake," in ji Marisa. "Je ka tambaye su yau."

"Ke dai ba kya son a tuna da ubanki."

"Za a tuna da kai, Baba. Abin da nake tsoro ke nan."

Da hantsi mutane suka fara shigowa, kowa da akwatin katunansa a hammata. Ba su kai yawan da ba. Wenzu ya lura da kujerun da ba kowa, ya ɗora laifin a kan wasan ƙwallon da ake yi ranar. Marisa ta sanar cewa akwai katin gwaji a garken mahaifinta, aka yi sowa, wani ya ce ko bindiga aka ba tsohon nan ƙafarsa zai harba.

Tevita ne ya shigo ƙarshe, sai da ya sunkuya kafin ƙofa ta ɗauke shi. Mutumin Tonga ne, direban bas, kuma tun bugun farko bai ƙara sayen kati ko ɗaya ba. Katunansa duk sun yi laushi kamar tsohon ƙyalle, karen dajinsa har da tabon shayi a kunne. Da su yake ta lallasa masu sababbi, kodayake a 'yan shekarun nan da ƙyar yake sha.

"Mai kamfani!" ya ɗaga murya. "Yau ma ka zo raba sadakar nasara?"

"Na zo in ga ko ka tara kuɗin sayen kati ɗaya, marowaci."

"Me zan yi da sabo, tunda kana nan?"

Zagayen farko aka haɗa Wenzu da Quang, mai kantin magani na kan kwana, mutumin da ke yin shiru yana lissafi kafin ya taɓa kowane kati. Wenzu ya zauna hankali kwance. Bai ma yi niyyar yin wata dabara ba, ya san in ya yi wasa iya ƙoƙarinsa, faɗuwa za ta zo da ƙafarta. Ya fito da jimina inda bai kamata ba, ya manta da juya wani kati, komai dai yana tafiya yadda aka saba. Sai ya jawo kati, ya ga girar nan tana kallonsa. Alkawari alkawari ne, ya ajiye.

Kada ya haɗiye shahon Quang. Ya haɗiye macijinsa. Quang ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya karanta rubutun katin, ya sake karantawa.

"Malam Wenzu, haka aka rubuta, ko injin buga takarda ne ya yi kuskure?"

"Haka yake."

"To, na ba ka."

Shago ya kaure da tafi. Wenzu ya ji wani abu ya taso masa daga ciki har wuya, wani ɗumi da bai san shi ba. Ya ce wa ransa ƙwannafi ne, pastizzin safe ne. Ya waiga, ya ga Marisa tana shan shayinta kamar ba ta a wurin.

Zagaye na biyu ya ɗaura niyyar gyara kuskure. Bronwyn ce, ma'aikaciyar jinya da ta zo da kayan aikinta a jiki. Wannan karon da gangan ya yi ta ɓarna, ya tura ƙananan dabbobinsa bakin mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin haushin, ba wanda ya lura da bambanci. Sai kadan ya sake zuwa, ya tarar da fili ba kowa a ɓangarensa, ya share na Bronwyn shi kaɗai.

"Na ga mutane da yawa sun farfaɗo bayan an cire rai," in ji ta tana tattara katunanta, "amma ban taɓa ganin irin wannan ba."

Haka aka yi ta yi har rana ta karkata. Mutumin naka yana ta ƙoƙarin nutsewa, kada yana ta ɗauko shi a baya yana kai shi gaɓa. Kuma gaskiyar da ba zai faɗa wa kowa ba ita ce, tun daga wasa na uku ya daina ƙoƙarin sosai. Ya fara gyara zama. Ya fara buga kati a tebur da ƙara. Har ya ji kansa yana ba wani shawara.

Wasan ƙarshe ya rage shi da Tevita. Aka jawo kujeru aka kewaye su, kofin roba mai ruwan zinariya yana gefe a kan kantar shago.

Tevita ya ɗauki kadan ya juya shi a ƙaton hannunsa, ya daɗe yana dubawa. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Tsoho, da gaske za ka sayar wa mutane wannan?"

"Ran Litinin zai tafi maɗaba'a, in Allah ya so."

"To, in ya fito, ni na gama. Waɗannan nawa sai dai in riƙa ɗora kofin shayi a kansu." Ya ajiye katin a hankali. "Ka san matata ce ta saya mini su, shekarar da muka zo ƙasar nan. Raba mu gani."

Wenzu ya fara raba kati. Ya san Tevita bai san da cinikin safe ba, kuma ba a bakinsa zai ji ba.

Tevita ya yi wasa irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Da ya ga kada ya sauka, sai ya riƙa tura masa tarkace, ƙadangare, ɓera, duk abin da ba shi da ƙarfin da zai ƙara masa ƙiba, yana ta lallaɓawa ta gefe yana rage wa Wenzu maki. Har aka zo inda ba sauran kwana-kwana. A gaban Tevita dabba biyu suka rage: karen dajin nan mai tabon shayi, da wani aku da ba ya cutar da kowa. Kada zai haɗiye ɗaya. In ya ci karen, wasa ya ƙare, kofi na Wenzu ne. In ya ci akun, karen zai tsallako ya gama da shi.

Wenzu ya ga abin sarai, abin da ba kasafai yake faruwa da shi ba. Ga ƙofa a buɗe. Ya nuna aku kawai, a yi dariya, a ce tsoho ya koma gidan jiya. Ba mahalukin da zai zarge shi da ganganci, shekara da shekaru yana tara shaidu. Ran Litinin girarsa ta tafi maɗaba'a da haƙoranta cif, yara da manya su yi ta neman katin, sunansa ya zauna. Ya dubi kujerun da ba kowa a bayan masu kallo. Ya dubi karen mai tabo. Ya dubi kofin roba, wanda shi da kansa ya sayo shi a kantin masu rahusa, ya kuma san bai kai kuɗin abincin rana ba. Yatsansa ya fara tafiya wajen aku.

"Yawwa," in ji Tevita, murmushi ya dawo masa. "Ci akun, mai kamfani. Kada ka ba mu kunya, yi abin da ka saba."

Yatsan ya tsaya. Ya koma hagu.

"Kawo karen nan," in ji Wenzu.

Daga baya ya sha gaya wa mutane cewa don wasan ya yi, don kada tsofaffin katuna su mutu, don irin su Tevita. Wataƙila akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma waɗanda ke wurin sun ga yadda ya haye kujera da kofi a sama, yana kiran Tevita da ya maimaita abin da ya ce, har sai da Bronwyn ta roƙe shi ya sauko don ba ta zo da niyyar aiki ba.

Da aka watse, ya tarar da Marisa a bakin kantar shago da jan biro, katin kada a gabanta. Ta ninka masa abinci. Ta soke inda aka ce ƙarfin abin da ya ci zai koma nasa. Ta ƙara cewa in ya haɗiye dabba ɗaya, sai ya yi barci zagaye biyu.

"Barci kuma? Kin mayar da shi ni ke nan."

"Ai da ma kai ne."

Ya zauna yana shafa kofin. "Amma ki faɗi gaskiya, yau na yi wasa. Ko ke ma ai nakan ci ki wani lokaci, in muna gwaji da rana."

Marisa ta rufe biro. "Baba, me kake tsammani ya sa nake gwada kowane sabon kati da kai? Duk wanda ka ci ni da shi, washegari nake rage masa ƙarfi. Ba ni da ma'aunin da ya kai ka."

Wenzu ya ajiye kofin. Ya tuna da duk ranakun da ya koma gida yana fito, yana cewa hannunsa ya fara faɗawa.

"Shahon fa? Ya aka yi ya wuce ki?"

"Lokacin kana asibiti, ana gyara maka gwiwa."

To, ga yadda cinikin ya tashi. Tevita ya rasa wasa, ya tsira da karensa, yana nan yana cin mutane da shi har yau. Marisa ba ta rasa komai ba, da ma ba ta shiga cinikin da za ta rasa. Tsohon Kada ya fito da girarsa, ba ya tsorata kowa, ba kuma mai saka shi a garke sai mutum ɗaya. Shi kuwa Wenzu ya samu kofin roba, ya fasa ajiye aiki tunda an ce ba a da ma'auni sai shi, kuma Asabar ɗin da ta biyo baya Quang ya fitar da shi a zagayen farko, kadan yana kwance a gabansa yana barci.