Maɓalli Ɗaya Domin Inna

"Tazara! Na ce ka bar tazara, Tela! Yatsa ne da kai ko taɓarya?"

Tela ya share gumi, ya goge layin, ya sake daga farko. Shi da ke zura zare a allura yana hira, yau ga shi yana farautar harafi ɗaya-ɗaya a kwamfutar maƙwabcinsa, tsohon da unguwa ke kira Baƙin Allo.

Sunan ba ƙage ba ne. Tun yana aikin kula da kwamfutocin ofis, tsohon bai yarda da komai ba sai baƙin allo da fararen haruffa: ka rubuta umarni, na'ura ta bi. Linzami kuwa, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur a nuna hoto a danna, cewa yake na raggaye ne. Nasa ma da shi ake tokare taga. Da idanunsa suka mutu sai ya ƙara samun bakin magana, don ya sa wa na'urar wata murya mai karanta masa duk abin da ya buga. "To, yanzu makaho zai nuna hoto?" in ji shi, yana washe baki.

Inda gizo ke saƙa shi ne Inna, matarsa, ba ta karatu. Wayar shafa da aka saya mata ta jefa a kwabet, ta ce tururuwa ce a ciki ba rubutu ba. Kowane mako tsohon ke buga dogon umarnin da ke fito da fuskar 'yarsu mai aure a nesa, Inna ta ja kujera su sha hira. Yanzu ciwo ya kwantar da shi, hannu na rawa, likita ya daina canza magani. In ya tafi, fuskar 'yar ta tafi da shi.

Shi ya sa ya kira Tela, ya sa aka rufe ƙofa.

"Maɓalli zan yi mata. Mai hoto. In wanzamin unguwa ya ji, gari ya ji, kuma ban yafe ba."

"Baba, ashe da rabon mu ga wannan rana!"

"Rufe baki ka buga."

Da kyar da jiɓin goshi maɓallin ya fito, ƙato, a tsakiyar allo. Tela ya lalubo wani hoton tsohon, baki buɗe, yatsa a sama, yana tsaka da yi wa wani faɗa. Ya liƙa shi.

"Wane hoto ka sa?"

"Fure, Baba."

Tela ya zaro linzamin daga taga, ya hure ƙura, ya ja shi har 'yar kibiyar da ke allon ta kai kan hoton. Muryar na'ura ta ce, "Abu marar suna."

"Ka ji aikinku ko?" Tsohon ya yi tari har ya dafe ƙirji. "Abu marar suna! Sa masa suna, abin da zan faɗa."

Ya faɗa a hankali. Tela ya buga, kuma wannan karon bai manta tazara ba, ko da yake haruffan sun yi masa dishi-dishi.

Da hantsin wata rana tsohon ya cika. Wanzami, wanda tuni ya ji komai, ya fi kowa kuka.

Bayan masu gaisuwa sun watse, 'yar ma ta koma gidanta, Inna ta aika a kira Tela. Ya kunna mata, ya ɗora hannunta a kan linzamin. Ta ƙura wa hoton ido.

"Wannan ne furen da ya ce an sa mini?"

Tela ya sosa ƙeya. Kibiyar ta yi ta yawo kafin ta hau kan hancin tsohon. Muryar ta ce, "Sau biyu za ki danna, Inna, ba goma ba."

"Oh ni! Har a kabari faɗa?"

Ta danna sau biyar. Duk da haka fuskar 'yar ta fito, suka yi kuka, suka yi hira, suka yi sallama.

Tela ya kai bakin ƙofa yana neman takalminsa, sai ya sake jin muryar. Ya waiwaya. Inna ta janye kibiyar gefe, tana mayar da ita kan hoton a hankali, taga kuma na kaɗawa a bayanta.