Turken Ƙofar Su Zoila

Duk watan Yuli, idan sanyi ya kankama a nan kudancin duniya, ni nake tuƙa Kawu Eleuterio a kwalekwale cikin fadamar Valdivia ya ƙirga sisne, fararen agwagin nan masu dogon baƙin wuya. Ƙirgar dai fakewa ce. Wani turke guda ne ke kai shi.

Kafin babbar girgizar ƙasa wurin makiyaya ce. Ƙasa ta nutse, kogi ya haye ta, ya haɗiye gidan kakannina, ya tafi da Zoila, ƙanwar Kawu, tana shekara shida. Ba a ga gawarta ba. Turken ƙofar shingensu kaɗai ya rage yana leƙowa daga ruwa, kuma duk sanyi wata mujiya, irin mai farauta da rana, takan zo ta sauka a kansa. Nan Kawu yake cire hula ya gai da ƙanwarsa. Ba ta da wani kabari sai wannan.

Bana turken ya ruɓe ya tafi. Tun watan Mayu na gani, na ja bakina na yi shiru, don ni matsoraci ne. Na ce a raina ai idon tsoho ya yi rauni, kuma turaku sun yi kama da juna.

Muka fito cikin hazo da safe, yana zuƙar shayin mate yana yi mini tsiya.

"Nolberto, tuƙi kake ko damun kunu?"

"Kawu, in ka fi ni iyawa ga filafilin."

"Ɗari biyu da sha ɗaya. Rufe mini baki kada ka rikita ni."

Na kai shi gindin wani turke na tsaya. Ya cire hula. Ya daɗe yana sauraro.

"Ina mujiyar?"

"Ta yi lattin zuwa bana."

Ya miƙa hannu ya shafa itacen daga sama har cikin ruwa, ya sake shafawa.

"Namu yana da ƙarfen ƙyaure. Wannan na maƙwabta ne, gidan Oyarzún. Shekara nawa kake so in yi ina gai da shanun mutane?"

Kunya ta rufe ni, na faɗa masa gaskiya. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce kawai in kai shi inda turken yake a da.

Na yi gabas, na dawo, na bi layin ciyayi. Ruwa duk iri ɗaya. Agwagin suka buɗe mana hanya ba ko kuka. Can sai ga mujiyar ƙasa-ƙasa bisa ruwa, tana kewaya wani fili mai faɗin gona, ta miƙa ƙafafu za ta sauka, ta fasa, ta sake kewayawa.

Na zura filafili da ƙarfi don mu matsa kusa. Kawu ya riƙe mini hannu, nasa kamar ƙanƙara.

"A hankali, ɗana. Ba mu san inda Zoila take ba yanzu. Kada mu bi ta kanta."