Harsashi na Uku

Bugu na biyu ne ya tsaga katakon ƙofar baya. Lorene Tackett tana tsaye a kicin da waya a kunne, matar da ta ɗauki kiran gaggawa tana ce mata 'yan sanda sun taso, ta ba su minti goma sha biyu.

"Sha biyu? Baiwar Allah, ƙofar nan ba za ta kai minti ɗaya ba!"

"Lorene!" Muryar Dwight ce daga waje, tsohon mijinta, wanda alƙali ya hana shi ko taka titin gidan. "Ina ganin inuwarki, munafuka! Ki buɗe, ko in shigo in kwance miki haƙora ɗaya bayan ɗaya!"

Ranar Lahadi ce, ƙarfe huɗu na yamma, wake na tafasa a kan wuta. Ta yar da wayar ta ruga ɗakin kwana. Sau biyu tana kuskure lambobin akwatin ƙarfe kafin ya buɗe. Ta zaro bindigar, doguwa mai nauyi, wadda jiya-jiya ta zo ta uku da ita a gasar harbi ta gundumarsu. Ta ɗura harsasai, ta fito ta durƙusa a bakin lungun da ya miƙe zuwa kicin.

Ƙofar ta faɗi. Dwight ya shigo da ƙarfen kwance taya a hannu, idanunsa jajur, ya share tukunyar waken da bugu ɗaya, ta tarwatse a bango. Da ya hango ta sai ya yi dariya.

"Kai! Direbar bas ta zama soja. Ajiye abin nan kafin ki ji wa kanki ciwo."

"Ka tsaya nan, Dwight. Na rantse ka tsaya."

Bai tsaya ba. Ta kai ido ga madubin bindigar, wanda aka yi don hango farantin ƙarfen da ake harbi a gasa daga nisan yadi ɗari shida, ba ta ga komai ba sai launin rigarsa ya cika shi. Ta ja kunama. Harbin farko ya fasa firiji. Na biyu ya same shi a ƙugu ya juya shi kamar an fizge shi da igiya, ya zube yana kururuwa. Na uku ya fita ne kafin ta san ta sake ja. Ya huda bangon kicin ya wuce.

Kunnuwanta suka toshe, hayaƙi ya cika lungun. Dwight yana ta birgima cikin jini da ruwan wake, yana zaginta yana kiran uwarsa. Ta shure ƙarfen daga kusa da shi. A lokacin ne ta ji wani ihun daban, na mace, daga waje.

Delbert Haskew, maƙwabcinta, tsohon mai walda ɗan shekara sittin da takwas, yana kwance a kan ciyawar da ke tsakanin gidajensu. Ya ji ana dukan ƙofa ne ya fito daga garejinsa da gudu, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Harsashin ya ratsa katako biyu ya shige shi a ƙasan haƙarƙari. Matarsa Verna tana durƙushe a kansa tana jijjiga shi.

Lorene ta tuɓe rigar samanta ta danna a kan raunin da hannu biyu. Jini ya ci gaba da ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunta, da ɗumi.

"Mista Delbert, ka dube ni. Don Allah ka dube ni."

Ya buɗe ido da ƙyar. "Dwight ya mutu?"

"A'a."

"Fizgar kunama kika yi, yarinya," ya ce yana haki. "Sau nawa zan gaya miki, matsawa ake yi a hankali."

"Rufe bakinka, Delbert!" Verna ta daka masa tsawa tana kuka. "Rufe bakinka ka yi numfashi!"

Motar asibiti biyu suka zo. 'Yan sanda suka ɗauke bindigar, suka zaunar da Lorene a bayan motarsu da jinin mutum biyu a jikinta. A nan zaune ne shagon bindigogi ya yi ta dawo mata a rai.

Wata huɗu da suka wuce, bayan Dwight ya karya mata hannu, Delbert ne ya ɗauke ta a motarsa ya kai ta shagon. Shekara talatin yana alƙalancin gasa a filin harbin garin, babu wanda bai san shi ba. Ya ɗauko wata gajeriyar bindiga marar nauyi ya ɗora mata a hannu.

"Wannan ce taki. Za ki iya juyawa da ita a lungu, kuma akwai harsashinta da ba ya yawo bayan ya gama aikinsa."

Amma idonta yana kan wata doguwa da ke rataye, irin wadda ta ga matan kulob ɗin harbi suna kwantawa da ita suna buga faranti a can ƙarshen fili. Ta sha zuwa kallo ranar Asabar, tana jin ƙarar ƙarfen tana dawowa daga nesa, tana cewa a ranta ita ma wata rana.

"Guda ɗaya zan saya, Mista Delbert. Ina so ta yi min gasa, ta yi min gadi."

"Waccan ta harbin barewa ce a tsallaken kwari. Gidanki kwali ne da fenti, nawa ma haka. Abin da ya fito daga bakin waccan ba ya tambayar bangon waye."

"Shekara goma sha ɗaya ana zaɓar min komai," ta ce. "Har kalar labule. Wannan ni zan zaɓa."

Ya sosa ƙeya. "To, ai shi ke nan. Ranar Asabar ƙarfe bakwai zan fara koya miki. In kika makara na tafi."

Bai sake tayar da maganar ba sai sau ɗaya, da ya ce ta bari ya ara mata ƙaramar tasa ta ajiye a gida. Ta ce za ta zo ta karɓa. Ba ta je ba.

'Yan sanda suka sake ta a ranar, bayan ta ba da bayani. Litinin da Talata ta yi su a kan kujerar roba a barandar asibitin birnin Tulsa. An yi wa Delbert aiki sau biyu. Dwight yana hawa na ƙasa, ɗaure da ankwa a jikin gado, likitoci sun ce zai rayu.

Ranar Talata da rana Verna ta fito daga ɗakin ta same ta. Ta ɗaga hannu ta wanke ta da mari, har kan Lorene ya bugi bango. Wata nas ta taso, Lorene ta ɗaga mata hannu ta koma.

"Ya gaya miki," in ji Verna. "A teburina, kina cin abincina, ya gaya miki."

"Ya gaya min, Mis Verna."

"Shiga. Ke yake nema. Ni da na yi shekara arba'in da huɗu da shi, ke yake nema."

Ya ƙanƙance a cikin gadon, robobi ta hanci da hannu, fatarsa ta koma ruwan toka. Wani ɗan sanda yana tsaye da littafi yana shirin fita.

"Na gaya masa ya rubuta," Delbert ya ce a hankali. "Ni na tsallaka gaban mai harbi. Da a filin harbi ne, da ni da kaina na kori wanda ya yi haka."

"Ba ka san zan harba ba."

"Ni na koya miki. Wa zai fi ni sani?" Ya yi tari, fuskarsa ta yamutse. "Da ba ki harba ba, da ke ce a nan, ko a ƙasa cikin firijinsu na gawa. Kin ji ni?"

"In sun dawo min da bindigar nan, kogi zan jefa ta."

"Ki sayar. Ki sayi gajeriyar." Ya lumshe ido. "Wancan banzan zai fito wata rana, da sanda ko babu sanda."

Ta kama hannunsa, duk tabon ƙunar walda. Ta buɗe baki za ta ce ya yafe mata. Ya ɗan matsa yatsunta, ya ce ta turo masa Verna, kada ta yi fushi.

Ya cika ranar Laraba da hantsi, Lorene tana can tana sauke yara a ƙofar makaranta. A wurin jana'iza cocin ya cika da mutanen filin harbi, huluna a hannu. Ta zauna a layin ƙarshe. Wasu suka gaishe ta da ka, wasu suka kalli takalmansu.

Bayan mako biyu, wata Asabar da safe, ta ji ana ta jan igiyar injin yankan ciyawa a gidan maƙwabta. Ta leƙa. Verna ce, cikin tsohuwar rigar aikin mijinta, tana ja injin yana tari yana mutuwa. Ta ja har ta gaji, ta zauna a ƙasa kusa da shi.

Lorene ta fito ta tsaya a iyakar ciyawarta, ba ta ƙetara ba.

"Babu mai a ciki," in ji Verna, ba tare da ta ɗago ba. "Ban ma san inda yake ajiye shi ba."

"Bayan injin walda ne. A jar jarka."

Lorene ta jira kaɗan, sannan ta shiga garejin ta ɗauko jarkar da mazurari. Ta durƙusa ta buɗe murfin tankin. Ta karkata jarkar, man yana zuba a gefe. Verna ta miƙo hannu ta riƙe mazurarin daidai, suna sauraren man yana gangarawa ciki.