Sauron Gidan Gwaggo Rauda

Fadila na ɗaga labulen ɗakin, warin fiya-fiya da turaren wuta ya dake ta har sai da ta yi tari. An share ɗakin fes, an goge leda, an sake zanen gado. Gwaggo Rauda, ƙanwar mahaifinta, tana tsaye a bayanta tana murmushin wadda ta yi abin kirki.

"Gwaggo, me kika yi?"

"Me na yi kuwa? Kika ce za ki zo da babban likita ya ga ɗakina. So kike a koma Katsina a ce gidan su Fadila sauro ne ke kwana a ciki?"

"Gwaggo, ai sauron muka zo ɗauka!"

Tun asuba suka bar Katsina. Wannan ne fitar Fadila ta farko tun da ta kama aiki a ɗakin gwaji, kuma ita ta dage a sa Dutsi, garin gwaggonta, cikin garuruwan da za a je. A mota har bugun ƙirji ta yi wa shugabanta, Dakta Saminu, cewa sauron ɗakin gwaggonta ya ishi binciken duka. Ga damina ta kusa ƙarewa. Yanzu yana zaure kan tabarma, an kai masa kunu da ƙosai, yana jira.

"To waɗanda suka mutu fa?" in ji Fadila. "Ko matattu ma suna yi."

"Na share, na watsa tsakar gida."

Fadila ta leƙa. Kaji ne ke yawo a wajen, ƙoshe, hankali kwance.

Ta zauna bakin gado ta dafe kai. Gwaggo ta zauna kusa da ita, jikinta ya ɗan yi sanyi.

"Wai me ake yi da sauro, 'yar nan? Miya?"

Fadila ta yi dariya ba ta shirya ba. Ta ciro 'yar kwalbar roba da ba ta kai ɗan yatsa ba.

"Ɗaya-ɗaya muke sawa a nan, mu daka shi. Sai mu zuba wani ruwa mai fasa ƙwayoyin jikinsa, mu ɗumama, inji ya juya shi, mu wanke da sifirit mai sanyi. A ƙarshe wani ɗan ɗigo zai kwanta a gindin kwalbar, da ƙyar ido ke ganinsa. Shi ne DNA, abin da ya gada daga iyayensa. A jinin mutum ma akwai, da yawu, da tushen gashi, har ganyen zogalenki. Da shi za mu gane ko sauron garin nan ya daina jin magani."

"Wannan ai da kin tambaye ni. Na fesa jiya, wasu suna ta waƙa kamar an ba su shayi." Gwaggo ta taɓe baki. "In dai sauro ne, sai gidan Haulatu."

Haulatu maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya. Tun bara ba sa ga maciji da juna, saboda ruwan kwatamin gidan Haulatu da ke taruwa a bakin ƙofar Gwaggo.

"Ki raka ni mana, Gwaggo."

"Ni? Allah ya kiyaye."

Amma ta ga idon Fadila ya cicciko. Ta ja tsaki, ta yafa mayafi.

Haulatu ta karɓe su da mamaki, ta kuma tambaya sau biyu ko da gaske ne ba zolaya ba. Aka shimfiɗa fararen zannuwa a ɗakinta, aka rufe taga, Fadila ta fesa maganinsu na aiki, suka fito suka ja ƙofa. Suna jira Haulatu ta miƙa wa Gwaggo kujera. Gwaggo ta zauna da rabin jiki, ta tambayi lafiyar yara.

Da aka buɗe, zannuwan sun yi ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa kanumfari. Fadila ta durƙusa da ɗan hantsaki tana tsinta, tana sa kowanne a kwalbarsa. Can sai ga matan biyu a bayanta, kai da kai.

"Ga wani can, mai ƙaton ciki!" in ji Gwaggo.

"Wannan jinin maigidan ne, na rantse," in ji Haulatu.

A ƙofar gida Dakta Saminu ya duba akwatin kwalaben, ya jinjina kai. Ya sa aka kira Haulatu bakin zaure, ya yi mata godiya mai tsawo, ya ce gidanta ya taimaki jiha baki ɗaya. Haulatu ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Direba ya tada mota ke nan, Gwaggo Rauda ta ƙwanƙwasa gilashin ɓangaren Fadila. Ta sunkuyo, ta rage murya.

"Ki faɗa wa likitan naku, rabin sauron nan nawa ne. Jiya da na fesa suka tsallaka katanga."