Kofin Gefen Sarƙa

Tun ranar Laraba keken Baba Tambari yake rataye a rumfar Gazali mai gyaran keke, a bakin titin Runjin Sambo. Tsohon keke ne baƙi, ya girmi Gazali. Ciwonsa a cibiya yake, inda sandar feda ta ratsa firam. In an taka sai ya yi ƙwas, feda ta yi lilo. Gazali ya ce sai an fitar da kayan cikin duka an sa sababbi, ya ɗiga masa kananzir ya bar tsatsar ta jiƙa.

Da la'asar ran Alhamis Hamza, ɗan tsohon, ya zo shi kaɗai.

"Gazali, gobe in mun zo ka ce ma Baba keken ga ya mutu."

"Bai mutu ba."

"Baba bai gani. Yanar ido ta rufe mai guda, gudan ma saura kaɗan. Watan jiya mai babur yak kaɗe shi Ƙofar Dundaye, cikin jini an ka kawo muna shi. Kullum daga Kwalkwalawa sai birni, wai shina kai albasa. Mun yi magana, mun sa an yi mai magana, ya ƙi."

"Ni ban yi ma dattijo ƙarya."

"To kak ka yi ƙarya. Kai ka san ƙarfe. Ka sa shi mutu."

Gazali ya juya ya kalli keken. Ya san hanyar. Kofuna biyu ne suke riƙe da sandar feda, ɗaya hagu ɗaya dama. Na hagu ana kwance shi yadda ake kwance kowane noti. Na dama, gefen sarƙa, a juye aka yanka shi. Wanda bai sani ba zai yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake, kuma in ya sa ƙarfi a tsohon firam, haƙoran cikin ramin su cinye, babu kofin da zai sake kamawa. Kuskure ne da kowane ɗan koyo yake yi. In Gazali ya yi shi, ya ce wa tsohon keke ya mutu, bakinsa gaskiya ya faɗa. Ya yi ta juya wannan a ransa. Ya kasa gane ko ƙaryar da hannu ya yi ta fi ta baki sauƙi a wurin Allah, ko kuwa ta fi muni don ta zo da shiri.

Ran Juma'a da hantsi suka zo. Baba Tambari ya zauna a benci, Hamza ya tsaya bayansa ya harɗe hannu.

"Ɗan nan, ina gajiya? Ka fa yi a hankali, wanga keke da shi nik kai uwar Hamza asibiti ranar da za ta haife shi."

"Shi ya sa yat tsufa, Baba, nauyin Hamza ya yi mai yawa."

Tsohon ya yi dariya. Hamza bai yi ba.

Gazali ya buge ƙusoshin da suka riƙe hannuwan feda, ya zare su. Ya kwance zoben hagu, ya fitar da kofin. Boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen ciki, suka zubo a tsumma, rabi sun farfashe, giris ya zama baƙar laka. Ya zare sandar ya miƙa wa tsohon. Baba Tambari ya bi ta da babban yatsa.

"Ta ci. Ta yi iyakar yinta."

Saura kofin dama. Gazali ya kafa sifana, ya zura mata dogon faif don ƙarin ƙarfi. Ya ɗaga kai, idonsa ya haɗu da na Hamza. Ya tuna maganar jini. Ya ce a ransa rai ya fi ƙarfe, ya danna faif ɗin ta gefen da ba shi ba.

Ƙarfen ya yi wani kuka siriri.

"Tsaya."

Baba Tambari ya miƙe. Ya laluba sirdi, ya bi firam da hannu har ƙasa, ya kama faif ɗin daidai inda hannun Gazali yake. Ya ɗan jima a haka, yana jin inda nauyin ya karkata.

"Shekara nawa kana wanga aiki?"

"Sha tara, Baba."

"Sha tara." Ya gyaɗa kai. "To gajiya ta. Wanga gehen, kamar za ka ɗaure shi za ka juya, sannan shi kwance."

 Tsohon ya ba Gazali ƙofar fita, abin da ya rage ya ce haka ne, ya yi mantuwa. Ya buɗe baki, sai ya ji wata magana ta fito.

"Ba gajiya ba ta, Baba. Na sani."

 Baba Tambari bai juya ba.

"Hamza."

"Na'am, Baba."

"Zo riƙe mai firam."

Hamza ya zo ya durƙusa, ya rungume firam ɗin, kansa a ƙasa. Gazali ya mayar da faif ɗaya gefen. Ya danna, babu motsi. Ya buga gindin sifana da guduma sau uku, ya sake dannawa da duk nauyinsa. Kofin ya saki da ƙara kamar an karya kara.

Ya goge ramin da tsumma, ya zura yatsa. Haƙora biyu na bakin sun kwanta, aikin dannawarsa ta farko. Bai ɓoye ba.

"Na taɓa shi. Ban sani ba ko sabon zai shiga."

"Gwada."

Ya shafa giris, ya ɗora sabon kofi, ya juya da yatsu kaɗai. Ya cije. Ya dawo da shi baya, ya daidaita, ya sake. Ya cije. A karo na uku ya ji ya kama, ya wuce wurin da ya lalace, ya tafi sumul har ƙarshe. Ya jera boris sha ɗaya a kowane kofi, ya zura sabuwar sanda, dogon gefenta wajen sarƙa. Ya ɗaure na hagu har lilon ya ɓace, ya kulle zobe, ya mayar da feda. Da ya murza, taya ta yi ta gudu babu ƙwas.

Ya sauke shi ƙasa, amma bai saki kan keken ba.

"Baba, don Allah, mi ka gani can bakin titi?"

Tsohon ya daɗe yana kallon titin.

"Haske da inuwa. Inuwar na wucewa."

"Kuma hawa za ka yi?"

"Shekara arba'in ƙahwata ta san hanyar ga. Ranar da na zamna gida, ku fara haƙa kabarina." Ya ɗora hannu a kan na Gazali. "Ka gama naka. Saki."

Gazali ya saki.

Baba Tambari ya tattare rigarsa, ya yi bisimilla, ya tura sau biyu ya haye. Keken ya yi tangaɗi, ya miƙe, ya shiga titi. Wani mai adaidaita ya kauce yana zagi. Hamza ya ruga ya tayar da babur ɗinsa, ya bi bayan uban taku uku tsakani, ya tare layin, motoci na ta yi masa hon bai matsa ba.

Gazali ya fito bakin kwalta da giris a hannu. Yana ganin farar hular tsohon tana tafiya a hankali cikin ababen hawa, har wata tifa ta shiga tsakaninsu.